Harsashin da Injiniya Lado Ya Zaɓa

Idan ana lissafin manyan masana bindiga a birnin Jidda, a fara da Injiniya Lado na unguwar Safa, sannan a zauna a huta, don na biyu yana nesa. Allah ya yi wa bawan nan baiwa. Ya san bindiga ciki da waje, ya san tarihinta, ya san halinta, har ya san abin da ke ɓata mata rai. Abu ɗaya kawai ya rage masa, shi ma ƙaramin abu ne da bai kamata mai hankali ya tsaya a kansa ba: bai taɓa harba ta ba.

To, sai me? Ai gado ne. Kakansa shi ne Sarkin Bindigar garinsu, tun zamanin da in an ce 'yan bindiga ake nufin mutanen kirki masu faranta wa jama'a rai, kafin ɓarayin daji su ɓata sunan. Adaka ce da tsohon, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da tsumma. Ba ya harbin tsuntsu, ba ya harbin dabba. Aikinsa sanarwa. In an ga wata, ya buga. In an yi haihuwa a babban gida, ya buga. In alhaji ya dawo daga Makka, ya fita bakin gari ya ɗaga bakinta sama ya buga, sannan ya yi wani juyi a kan ƙafa ɗaya cikin hayaƙi, mata su ɗauki guɗa. A gidansu Lado, darajar bindiga ita ce nisan inda aka ji ta, ba wani abu ba.

Kuma ikon Allah, tsohon ya daɗe a ƙasa, amma ƙarar adakarsa kullum ƙaruwa take yi. Shekarar da Lado ya sauka Jidda, tana kaiwa ƙauyen da ke hayin rafi. Da aka sabunta masa kwantiragi, ta tsallaka ƙaramar hukuma ta gaba. Bana kuwa, in ya ci shinkafa da naman rago ya ƙoshi, har a Nijar ake jin ta.

A tashar jiragen ruwa yake aiki. Wani kamfanin dakon kaya ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa ya shigo ƙasar aiki, shi kuma yana kula da kwantenoni masu sanyi, na kaji da kifi. Duk lokacin da ƙofar kwantena ta buga, sai ya tsaya cak, ya karkata kai, ya ɗaga yatsa, ya sanar da duk wanda ke kusa ko wace irin bindiga ce ke yin irin wannan ƙarar. Abokan aikinsa 'yan Najeriya suka raɗa masa Aradu. Shi ya ɗauka yabo ne, su kuma ba su ga dalilin gyara masa ba.

Sai dai akwai abin da ke damun Aradu, kuma damuwa ce ta gaske. A garinsu, in ya ratsa kasuwa, tsofaffi na cewa ga jikan Sarkin Bindiga. A Jidda kuwa shi mai kula da sanyin kaji ne kawai. Ma'aikata 'yan Najeriya suna da ƙungiya da ke haɗuwa duk wata a istiraha, wato gidan shaƙatawar da ake haya a bayan gari, kuma kowa a cikinta yana da muƙami. Akwai shugaba, akwai sakatare, akwai har mai kula da shayi. Lado ne kawai ba shi da komai. Ya taɓa neman shugabanci, ya samu ƙuri'arsa da ta wani bawan Allah da ya manta tabaransa a gida.

Don haka wata rana, ana shirin buɗe farantan abinci, ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, al'ummar da ba ta da ƙara, ba a san tana nan ba. Mu nan muna da likitoci, muna da malaman jami'a, amma wa ya ji mu? Ni ba don kaina nake magana ba, Allah ya sani. Amma tunda jinin abin yana jikina, na amince in ɗauki nauyin zama Sarkin Bindigar Jidda."

Shugaban ƙungiyar, Dakta Saifuddeen, dattijon likitan yara ne da ya saba da masu rigima, kuma a lokacin idonsa na kan naman da ke hucewa. Ya ce, "Injiniya, Sarkin Bindiga ai jin sa ake yi. Ranar da muka ji ka da kunnenmu, ni da kaina zan naɗa ka." Aka yi dariya, aka sa hannu a abinci. Kowa ya manta, ban da mutum ɗaya.

Matsalar ita ce, baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, irin Lado ba ya mallakar bindiga a ƙasar nan. Ya yi ta juya maganar a ransa yana ramewa, har Allah ya jefo masa Abdulghaffar.

Abdulghaffar ɗan'uwan matar Lado ne, Ruƙayyatu. Kakanninsa suka zo Hajji a ƙafa suka zauna, shi kuma a Jidda aka haife shi, ɗan ƙasa ne, yana da kantin magani a unguwar Kurayyat. Mutum ne mai sanyin hali, Hausarsa rabi Larabci. Ya zo cin abinci gidansu wata Juma'a, sai tsautsayi ya sa ya ce ya samu lasisi, yana so ya sayi wata 'yar bindiga mai araha, irin ta kafaɗa amma mai cin harsashin fistol, shi da matarsa Luba su riƙa zuwa kulob suna harbin takarda don nishaɗi. Girman harsashin ne kawai bai yanke ba, abin da su ke kira iyar, amma ransa ya fi kwantawa da mai faɗin milimita tara, wato mili tara.

Lado ya ajiye cokali a hankali. Ruƙayyatu ta ga yadda ya ajiye shi, ta ce a ranta shi ke nan, yaron nan ya shiga uku.

"Ƙanena," in ji Aradu, "ka gode wa Allah da ka yi wannan maganar a gabana. Da ka yi ta a wani wuri, da an cuce ka. Saurara. Mai lamba ashirin da biyu ba harsashi ba ne, atishawa ce. Mili tara kuwa harsashin gama-gari ne, kowa da shi, kamar farar jallabiya. Ka buga shi, wa zai waiwayo? Amma mai lamba arba'in da biyar! Ka ji sunan ma kawai. Wannan in ya yi magana, sai gari ya yi shiru."

"Ya Muhandis," in ji Abdulghaffar, wato injiniya da Larabci, "ni wasa kawai nake so, ya'ani. Tara yana da araha, ko'ina ana samu, kuma ba ya dukan kafaɗar Luba. Shi arba'in da biyar ɗin ma, an ce mini a doguwar bindiga ƙararsa ba ta..."

"An ce maka! Wa ya ce maka? Kakan wa ya taɓa riƙe sarautar bindiga a cikinsu?"

Gaskiya kuwa babu ko ɗaya.

Daga ranar, bawan Allah bai sake samun sukuni ba. Da safe saƙon murya, da rana saƙon murya, kowanne ya isa huɗuba. Lado ya riƙa biyo shi har kanti, ya tsaya a gefen masu sayen maganin tari yana bayani a kan mutuncin zuri'a. Ya ce mutanen da kakanninsu suka ratso sahara a ƙafa bai kamata a gan su da ƙaramin harsashi ba. Ya ce araha ita ce ta kashe darajar komai a duniya, alhali shi da kansa sai ya zagaye manyan kantunan Safa kaf kafin ya sayi kwalin madara. Da Abdulghaffar ya tuna masa cewa ita kanta bindigar mai araha ce, sai ya ce wannan daban, ai bindiga maƙogwaro ce kawai, murya tana ga harsashi.

Ƙarshe Ruƙayyatu ce ta kira ɗan'uwanta a ɓoye. Ta ce, "Don Allah ka yi masa. Mutumin nan ko barci ba ya yi. Jiya cikin magagi na ji yana cewa tas, tas." Abdulghaffar ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Halas, shi ke nan, Yaya." Mijin yayarsa ne, kuma ya girme shi. A gidansu ba a yi musu tarbiyyar jayayya da babba ba, ko da babban bai san abin da yake faɗa ba.

Ranar sayen ma Lado ya bi shi. Mai shagon ya jera musu bindigogi a kan tebur, Abdulghaffar yana duba nauyi da yadda take zama a kafaɗa, shi kuwa gwanin ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da yatsa yana kanga kunne, yadda ake zaɓen kankana. Da ya zo kan mai arba'in da biyar, ya lumshe ido ya gyaɗa kai. Ya tambayi mai shagon, in aka buga wannan a Safa, za a ji a tashar jiragen ruwa? Mutumin ya dubi Abdulghaffar, Abdulghaffar ya dubi silin.

Sai shirin babbar rana. Lado ya gayyaci ƙungiya kaf zuwa kulob ɗin, Juma'a bayan la'asar. Da yake mutum ne mai tausayi, ya haɗa da gargaɗi: mai juna biyu ta zauna a gida, mai hawan jini ya sha maganinsa tukuna, kada a zo da jarirai. Ya umarci Ruƙayyatu ta taho da auduga a raba wa mata. Ya sa wani tela a Kurayyat ya ɗinka masa riga mai ruwan ƙasa irin ta kakansa, mai faɗin hannu. Ta kakan duk layu ne a jikinta, amma nan Jidda ne, don haka aka bar wannan ɓangaren. Abdulghaffar ya yi ƙoƙari sau ɗaya ya ce, "Ya Muhandis, ka san fa a kulob ɗin akwai..." Lado ya ɗaga masa hannu. Ya ce ya san duk abin da ke akwai.

Jama'a suka zo, wasu don zumunci, wasu don ganin ƙwaf. Aka shigar da su wani ɗakin baƙi mai sanyi da kujeru masu laushi. Bango ɗaya na ɗakin gilashi ne mai kauri, ninki biyu, ta cikinsa ana hango masu harbi sun jeru, kowa a ɗan lungunsa, sun juya baya. Dakta Saifuddeen ya samu kujerar gaba. Ruƙayyatu ta bi mata da auduga kamar yadda aka umarce ta, kowa ta karɓa ta riƙe a hannu.

A bakin ƙofar shiga wurin harbin aka fara samun saɓani. Mai kula da wurin ya miƙa wa Lado tabarau da wani abin toshe kunne mai kama da ƙoƙuna biyu. Aradu ya ja da baya.

"Ni? Jikan Sarkin Bindiga? Kunnen gidanmu da albarushi aka yaye shi!"

Aka ce masa doka ce, wanda bai sa ba ba ya shiga. Ya sa, amma ya bayyana wa Abdulghaffar cewa don kada ya kunyata ma'aikatan ne kawai. Saɓani na biyu, da aka ba shi bindigar sai ya ɗaga bakinta sama, yadda ya ga ana yi tun yana yaro. Mai kula da wurin ya sa hannu biyu ya sauke ta a hankali, ya nuna masa takardar da ke rataye can gaba. Lado ya ga wannan ƙauyanci ne, bindiga guda a ɓata ta a kan takarda. Amma ya haƙura, ai ƙarar ba ta san inda baki ya kalla ba.

Kafin ya fara, ya ajiye bindigar ya juyo ya fuskanci gilashin. Irin wannan rana ba ta wucewa babu jawabi.

"Ya ku 'yan'uwana! Yau za ku ji abin da iyayenku suka ji. Wanda ya firgita, kada ya ji kunya, manya ma sun firgita. Kakana, Allah ya jiƙansa, ranar da ya buga wa Alhaji na farko a garinmu, kaji sun yi kwana ba su yi ƙwai ba..."

Ya yi ta yi. Ya bi tarihin adaka tun daga maƙerin da ya ƙera ta. Ta cikin gilashi yana ganin Dakta na gyaɗa kai, mata na murmushi, sai ya ƙara ƙaimi. Abin da bai sani ba, ko harafi ɗaya bai tsallaka ba. Mutane suna ganin wani mai faffaɗar riga da ƙoƙuna a kunne yana buɗe baki yana rufewa ne kawai, suna gyaɗa kai don ladabi. Suka jira, suka jira. Can sai ga wani ma'aikaci ya shigo da babban faranti na ƙarfe, da butar gahawa da ƙananan kofuna da dabino, ya ajiye a tsakiyar ɗaki. Kujeru suka juya. Wani ya tayar da zancen tsadar hayar gida a Safa, wata ta kawo na makarantar yara, hira ta yi daɗi.

A daidai lokacin Injiniya Lado ya juya, ya ɗauki bindiga, ya yi bisimilla, ya runtse ido biyu, ya ja kunama.

Tuf.

Ya buɗe ido. Abin da ya ji ke nan, tuf, da ɗan turi a kafaɗa. Da farko gabansa ya faɗi. Sai basirarsa ta kawo masa ɗauki: in har ta cikin wannan toshiyar ya ji tuf, to a waje fa? Ai a waje sai dai a yi ta salati. Ya sake ja. Ya sake. Warin hayaƙin ya shigar masa hanci, kuma wallahi irin warin nan ne na bakin garinsu, ranar da yana ɗan ƙarami ya riƙe gefen rigar kakansa ana jiran motar alhazai. Hawaye suka cika masa ido. A nan kam ba cika baki, kewar gida ce ta kama shi, kuma ya ji daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba. Ya yi ta bugawa har harsashin da Abdulghaffar ya tanada don shi da Luba ya ƙare tas.

Aka jawo takardar. Fes take, ko ƙwarzane babu. Lado ya dube ta cikin alfahari, ya ce wa Abdulghaffar haka ake so, a tarihin gidansu ba a taɓa samun wani abu da harsashi ba.

Ya cire toshiyar kunne, ya gyara riga, ya tura ƙirji gaba, ya nufi ɗakin baƙi. A hanya yana tsara yadda zai lallashi waɗanda suka firgita. Ya tura ƙofa ya tsaya, yana jiran guɗa.

Ana ta hira. Audugar mata tana kan tebur, wata ma ta goge gahawar da ta zube da tata. Dakta Saifuddeen ya ɗago kai, dabino a hannu, ya gan shi.

"A'a, Injiniya! An gama jawabin? Yalla, a fara mana, magariba ta kusa."

Lado ya waiga. Ya dubi Ruƙayyatu, ita ce ƙarshen fatansa.

"Ke ma ba ki ji ba?"

"Na dai ji ɗan dum-dum," in ji ta a hankali, "tun da muka zo ake yin sa. Na ɗauka ana gyara ne a sama."

Wani ya kasa riƙe dariya, ya mayar da ita tari. Ran maza ya ɓaci. Aradu ya tako tsakiyar ɗaki.

"Gilashin nan ne! Makirci ne na masu ƙananan harsasai! Ku da kun gan ni! Na riƙe ta haka, na buga, na buga, ƙasa na girgiza. Da sun bar ni ma da na yi muku juyin kakana, wanda yake yi haka..."

Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ware hannuwa, ya juya. Faffaɗan hannun rigar nan ya kwashi bakin butar gahawa, butar ta ja faranti, faranti ya bar tebur da kofunansa da komai ya sauka a kan tayil.

Kai! Wannan ita ce ƙara. Mata suka saki salati. Sakatare ya tsinci kansa a bayan kujera. Mai kula da shayi ya yi ƙofa. Har masu harbi a ciki, da toshiyarsu da komai, wani ya waiwayo. Farantin ya yi ta juyawa a ƙasa yana kuka shi kaɗai kafin ya kwanta.

Dakta Saifuddeen ya dafe ƙirji, dabinonsa ya faɗi. Da numfashinsa ya dawo, ya dubi Lado tsaye cikin gahawa, ya dubi jama'a, ya share hawayen dariya.

"Jama'a, ni na yi alƙawari a gabanku. Na ce ranar da muka ji shi da kunnenmu. Akwai wanda bai ji ba?"

Babu wanda bai ji ba.

A taron wata na gaba aka naɗa shi, da rawani da komai, kuma ya karɓa ba tare da wani tawali'u na ƙarya ba. Abdulghaffar ya lallaɓa ya musanya bindigarsa da mai mili tara, shi da Luba suna zuwa kulob abinsu, ba su gaya wa kowa ba. Shi kuwa Sarkin Bindigar Jidda, har gobe yana ba sababbin zuwa labarin ranar da ƙararsa ta sa sakatare ya ɓuya a bayan kujera, likita guda ya dafe ƙirji. Duk gaskiya ne, ba mai ƙaryata shi. Kuma yanzu ana girmama shi yadda ya daɗe yana so: da zarar ya sa ƙafa a istiraha, tun kafin ya yi sallama, sai ka ga mata sun miƙe tsaye gaba ɗaya, kowacce ta rungume farantinta.